Ƙunshin Surayya a Motar Maccido

Ranar kasuwar Goronyo ce. Zayyanu yana tsaye kan benci yana zana albasa a bangon shagon wani mai sayar da iri, sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, wagga albasa ta wane gari ce? Don dai ba tamu ba ce."

Ya waiwayo da buroshi a hannu. Wata doguwar budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, tana danne dariya.

"Mi yas same ta?"

"Ta yi hwari. Tamu ja ce har da duhu-duhu. Ɗan ɗiga shuɗi cikin jan nan ka gani."

Ta ɗaga hannu ta nuna, shi kuwa bawan Allah ya manta da albasa gaba ɗaya. Ƙunshin hannunta ya tsaya kallo. Ba irin furannin da 'yan mata ke kwafowa daga waya ba ne. Ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu a jere, wani siririn layi yana ratsa tsakaninsu har kan yatsu.

Ya ɗiga shuɗin. Albasa ta fito tsaf, har mai shago ya ce madalla.

Sunanta Surayya, 'yar Alhaji Iliyasu, manomin albasa a Taloka. Ita ke yi wa amaren garinsu ƙunshi, amma wannan zane na hannunta ba ta taɓa yi wa kowa ba, duk magiyar ƙawaye. Kafin a tashi kasuwa Zayyanu ya samu lambarta, bayan ya sha tsiya iyakar sha.

Tun daga nan saƙo ya fara kai da komo.

"Malamata, barka da hantsi. Yau ma na haɗa ja, na tuna ki."

"Mai buroshi, Allah shi sa ka ɗiga shuɗi. Wai wa yak koya maka zane ne?"

Amsar ta zo doguwa, don an taɓo masa inda yake so.

"Kakata Sabuwa, can Wurno. Ƙwarya taka yi wa ado da wuƙa mai zahi. Ina zaune gabanta, hayaƙi na shiga mani ido, ba ni tashi. Ba ta gwaji, ba ta gogewa, in wuƙa ta bi ta bi ke nan. Wurinta nis samu ƙarhin hali. Launi kuwa bakin madatsar ruwa nik koye shi, in rana ta yi sanyi masunta na shanya komarsu ta kamun kihi. Sauran duk satar ido ce: zanen tabarma, bakin hula, bangon tsohwahhin gidaje."

"To ɓarawo, a yi sata a hankali," ta rubuto.

Ai kuwa bai ji ba.

Akwai wani dillalin albasa mai suna Maccido, mai babbar mota, wanda ya daɗe yana aika gaisuwa gidan Alhaji Iliyasu saboda Surayya. Zayyanu bai san da wannan ba. Maccido ya kawo masa motar ya ce a ƙawata bayanta da duk abin da ya ga ya dace. To me ke cikin kan Zayyanu a lokacin? Ya zana hannuwa biyu riƙe da albasa, ya bi su da ƙunshin nan gida-gida, bai kuskure ko layi ɗaya ba. Shi kansa ya san bai taɓa yin aiki mai kyawun wannan ba, har yana ɗokin ranar da za ta gani.

Kai, Zayyanu! Mutumin da ya iya kallo haka, amma bai iya tambaya ba.

Motar ta shiga Taloka ɗaukar kaya. Matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya cak.

"La ilaha illallahu, ba hannun Surayya ba ne wanga?"

Kafin azahar magana ta zagaye gari, wai an ba Maccido Surayya, har ya sa an buga masa hannun amarya a mota. Da aka tambayi Maccido sai ya gyara hula ya yi murmushi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Saƙon Surayya ya iso da la'asar.

"Zayyanu, abu guda nir riƙe wa kaina, ka ɗauke shi ka ba wani namiji. Yanzu 'yan dako na jingina da hannuna, gobe a tahi da shi Legas. Baba ko abinci bai ci ba. Na ji zahi ƙwarai."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Wallahi don so na yi. Ki gahwarce ni."

Washegari da hantsi ya hau babur da gwangwanin fenti sai Taloka. Ya tarar ana loda buhuna, Maccido yana zaune a inuwa. Zayyanu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku shaida. Yarinyar ga ba ta san da zanen ga ba, ba ta ba ni ba, ba ta ba mai mota ba. Ni nig gani ga hannunta nid ɗauka. Laihina ne ni kaɗai."

Maccido ya ce a bar masa kayansa yadda suke, amma da ya ga dattawa sun zuba masa ido sai ya kau da kai. Zayyanu ya tsoma buroshi ya shafe aikin da shuɗin fenti, yatsa bayan yatsa. Ransa na suya, amma bai tsaya ba sai da ya gama.

Bayan an kwana biyu ya ɗauki kawunsa Mu'azu suka je zauren Alhaji Iliyasu neman gafara da neman aure a zama ɗaya. Alhaji ya saurare su fuska ba walwala.

"Ban ƙi yaron ba, Malam Mu'azu. Sana'atai nika tsoro. Aikin da zai kwashi ɗiyan mutane shi kai titi, ƙaƙa zan ba shi tawa?"

Zayyanu ya sunkuyar da kai. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya fitar da ita.

"Baba, in don wanga ne, na bar zane. Sai in kama noma."

Alhaji ya ce zai yi shawara. Zayyanu ya koma Goronyo ya tattara buroshinsa ya ɗaure a leda ya tura ƙarƙashin gado. Bai san yana son aikin nan haka ba sai ranar.

Da safe wayarsa ta yi ƙara, saƙon Surayya ne.

"An ce ka bar zane don ni. Wa yar roƙe ka? Ni ban ce zanenka ya yi laihi ba, rashin tambaya nic ce. Mai buroshi nika so. In ka aje shi, to ka aje ni. Na gaya wa Inna, ita ko ta gaya wa Baba."

Ya karanta ya sake karantawa, yana dariya yana share ido kamar yaro.

Alhaji ya aiko wa Zayyanu ya je ya same shi a gona. Ya tarar da dattijon tsaye kan kunya, fangalin albasa masu kusurwa huɗu jere a gabansa, ruwa na bin tsakaninsu. Zayyanu ya duƙa ya gaishe shi. Alhaji ya nuna masa gonar.

"Uwatta tac ce mani wai zanen hannun nan gonag ga ce. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa taka kawo mani hura nan, ta zauna tana kallo ina ba da ruwa. Kullum hannun na gabana, ina karɓar ƙwarya gare shi, ban taɓa lura ba. Kai kallo guda kay yi mashi."

Ya juyo ya dubi Zayyanu.

"Koma ga aikinka, ɗana. Amma abin mutane, a tambaye su."

"In sha Allahu, Baba."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a Taloka. Kawu Mu'azu ya karɓa wa ango, aka raba goro da dabino, guɗa ta tashi daga cikin gida. Zayyanu ya sha wanka da sabulu har fatarsa ta yi zafi, amma fentin da ke ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita. Da ya durƙusa gaban surukinsa sai ya dunƙule hannun yana ɓoyewa cikin babbar riga.

Alhaji Iliyasu ya kamo hannun ya buɗe shi a gaban jama'a, ya riƙe gam.

"Mi kaka ɓoyo? Da shi za ka ciyar mani da ɗiya. Allah shi yi albarka ga hannun ga, shi ba ku zama lahiya da zuri'a ɗayyiba."

Zaure ya ɗauka da amin.