Furen Ƙuduji

A bakin gonar mahaifinta Tela ya fara ganin Auta, ranar da babur ɗinsa ya mutu a hanya. Ta miƙa masa ruwa, ya sha, ya koma gida ya bar hankalinsa a can.

Bawan Allah ɗan birni ne, bai san bambancin dawa da gero ba. Ranar da zai je gaida iyayenta ya ga wasu furanni ruwan hoda a wata saura, ya tsinko mata har da busassun kawuna, ya ratso ta gonar Babanta yana kaɗa su.

Baba ya daɗe yana kallon furannin da ke hannun Tela.

"Yaro, ƙuduji ka riƙo. Shekara goma sha biyu ina tsare gonar nan daga shi. Ƙwayarsa kamar ƙura take, sai ta yi shekaru kwance a ƙasa. Tana jin ƙamshin saiwar dawa za ta farka, ta maƙale mata, ta tsotse ta tun ba ka ga ganye ba. Kada ka sake taka ƙofata."

Da damina ta zagayo, dawar ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya, daidai layin da Tela ya bi. Ɗan maƙwabci mai tarakta kuma ya aiko neman aure.

Auta ta turo saƙo: "Telana, Baba ya ce bayan girbi zai ba da ni. Ko abinci na kasa ci. Don Allah ka yi wani abu."

Ya amsa: "Hasken idona, ni na shuka, ni zan cire."

Ya garzaya wajen malamin gona kamar zai yi kuka.

"Ruɗa ƙwayar ƙudujin za ka yi," in ji malamin. "Shuka waken suya. Ƙamshin saiwarsa zai tashe ta, ta rasa abin kamawa, yunwa ta kashe ta. Wanda ya tsira ka tuge shi kafin ya yi fure."

Tela ya durƙusa gaban Baba, ya roƙi damina biyu. Auta na bayan ƙyaure tana hawaye.

"Layin naka ne, ai kai ka ɓata shi," Baba ya ce. "In dawa ba ta tashi ba, kada ka tambaye ni ita."

Tela ya rufe shagon ɗinkinsa ya kama fartanya, hannunsa ya yi kanta har allura ta gagare shi. Damina ta farko wake, ta biyu dawa. Kullum yana rarrafe a gindin kara, yana tuge ƙudujin da ya tsira.

Da kaka Baba ya bi layin daga farko har ƙarshe, dawa ta fi shi tsayi. Ya kama hannun Tela ya juya tafin.

"In wannan hannun zai iya riƙe allura, je ka ɗinka wa matarka kaya."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya yi muku albarka, ɗana. Amma in ka ƙara ganin fure a hanya, bar shi inda ka gan shi."