Yarinyar Da Ke Kallon Bishiya

"Tsaya nan! Don Allah kada ka motsa."

Haka ta fara yi masa magana, ko sallama babu. Tana zaune a bakin rafin da ke bayan gidansu, littafin zane a cinya, fensir a hannu. Wani zalɓe ne ya sauka a kan dutse tsakiyar ruwa, kwana tara tana jiran sa, sai ga wannan bawan Allah ya ɓullo ta cikin ciyawa da bokiti biyu yana neman kore mata shi.

Ya kuwa tsaya, ƙafa ɗaya a gaba, bokitan a hannu, kusan minti goma sha biyar. Sai da tsuntsun ya ga dama ya buɗe fukafukai ya tashi, sannan ta ɗago ta dube shi da kyau. Kunya ta rufe ta.

"Malam, ka yi haƙuri."

"Ba komai, malama. Amma ni ma a saka ni a ciki, na fi shi iya tsayuwa."

Dariya ta ƙwace mata. Ashe mai kiwon zuma ne, amyoyinsa na can hayin rafi. Kafin ya wuce ya gutsuro mata saƙar zuma a kan ganye. Ba ta sha ba sai da ta zana ta tukuna, ɗaki ɗaki, har da digon da ya gangaro gefe.

Ita dai haka rayuwarta take. Da ta gama shara da wanke-wanke sai ta fice. Yau jerin tururuwa, gobe furen kabewa da raɓa a kansa, jibi ƙadangare yana gyaɗa kai a katanga. Zanen nata ake kai wa masu buga littattafan yara a birni. Amma tun daga ranar nan, hannunta na kan takarda, kunnenta na wajen ciyawa ko za ta ji ƙarar bokiti. Ba ta ɓoye wa kanta ba, ta san son sa take.

Saƙonninsa kan shigo da hantsi.

"Tsuntsuwata, furen lemo ya buɗe a hayinmu. Ƙudajen zumana sun riga ki zuwa, amma na ce su rage miki."

"Zumana, ka gaya musu su zauna wuri ɗaya idan na zo. Ni ba na zana mai rawar kai."

"To ni fa, da kaina ke rawa in na gan ki?"

Damina ta zo ta wuce suna haka. Da ya aiko maganar aure, iyayenta suka yi na'am. Mahaifiyarsa ce ta ce ba da ita ba.

Shi da kansa ya gaya mata, yana karya tsinke a hannu, ya kasa kallon ta.

"Cewa ta yi, yarinyar da ke zama ita kaɗai tana kallon bishiya tun hantsi har rana ta take, tana murmushi, tana miƙa hannu ta rufe ido ɗaya, ko dai lalaci ne ko ba lafiya ba. Akwai 'yar ƙawarta mai ɗinki da take so in aura, wai ita hannunta ba ya zama."

"Gwada tsawo nake da fensirin," ta ce.

"Na gaya mata. Ta ce ni ma an fara shafa min."

Ta san shi, ba zai yi aure ba tare da albarkar uwarsa ba, ita ma ba za ta so ba. Mako guda ta ƙi fita. Ta wanke abin da ke wanke, ta share inda ke share, ko labari zai kai hayi cewa ita ma tana da hannu. Ta taga kuwa gajimare na ta wucewa, kowanne da siffarsa, babu mai zana shi. Ran na takwas ta rubuta masa:

"Zumana, ina son ka, Allah ya sani. Amma in sai na daina kallo za a karɓe ni, wata za a kai maka, ba ni ba."

Ta ɗauki littafinta ta koma bakin rafi.

Nan tsohuwar mahaifiyarsa ta same ta, ta tsallako ruwa da takalmi a hannu. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya. Miƙo min abin nan da ya hana ɗana cin abinci."

Ta zauna kan dutse tana buɗe shafuka da yatsa, baki a taɓe. Kurciya, kwaɗo, gidan gizo-gizo. Can sai hannun ya tsaya cak. Zanen wani tsohon mangwaro ne, reshensa ɗaya ya sunkuyo kan hanya. Iska ta kayar da shi shekara biyu da suka wuce, aka faskara shi aka yi girki.

"Wannan na bakin hanyarmu ne," in ji ta a hankali. "Marigayi mijina ya dasa shi shekarar da aka kawo ni."

Ta kawo littafin kusa da ido. A jikin kututturen, ƙarƙashin reshen, ga wata 'yar lanƙwasasshiyar ƙusa, ɓawo ya kusa haɗiye ta.

"Wa ya nuna miki ƙusar nan?"

"Ba kowa, Mama. Sai da na yi kwana uku ina kallon bishiyar na gan ta."

"Nan yake rataye rigarsa in zai yi noma. Ko ɗan nasa bai san da ita ba."

Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta sake sharewa. Yarinyar ta yanke shafin a hankali ta miƙa mata da hannu biyu. Tsohuwar ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ita ma ba ta san tana murmushi ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Tsuntsuwata, me kika yi wa Mama? Ta ce in ban hanzarta ba ita za ta je ta ɗauko ki."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure. Uwar ango ta riƙe hannun amarya ta sa a na ɗanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma ka riƙe min ita da kyau."

Yanzu a hayin rafi amarya ke zane. In maƙwabta suka leƙo suka gan ta zaune shiru ta zuba wa bishiya ido, suka buɗe baki za su kira ta, sai surukar ta ɗaga musu hannu daga bakin ƙofa.

"Ku bar min 'yata, aiki take."