Silin Ɗakin Inna

Magariba ta kawo jiki a Gummi. Masu noman fadama sun dawo gida, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan marigayi Alhaji Dabo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Inna, matar marigayin. Na biyu ya biyo baya. Na uku kuwa daga cikin ɗakin ya fito, ya fasa randar ruwa.

Ɗakin nan babu kowa a cikinsa, kuma Almustapha, babban ɗan marigayin, shi ya mayar da shi haka. Ya samu abin hannu a haƙar zinare a Sunke, ya kwana biyu a wani otal a Abuja, ya ga falon da ba shi da silin, ido yana tafiya har ƙololuwar rufi. Shi ke nan kansa ya ɗau zafi. Wata uku kacal da rasuwar uban, ya kawo kafinta a ɓaɓɓake silin tsohon gidan, kuma don rashin ta ido ya ce a fara da ɗakin da mahaifiyarsa ke zaman takaba. Tsohuwar ta roƙe shi ya bari kwanakinta su cika, ya ce kafinta ba ya jira. Aka kwashe gadonta zuwa ɗakin ajiyar shinkafa, ta bi kayanta kai a sunkuye. Ko sallamar da ake yi kafin a buɗe wurin da ya daɗe a rufe, babu wanda ya yi.

Kwana huɗu ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Almustapha ya zagi maƙwabta, ya zagi kafinta, har ya hau tsani da tocila yana leƙen katakon rufi, bai ga komai ba sai sheƙar jemagu. A rana ta biyar 'yarsa Lubabatu, mai shekara goma sha huɗu, ta shiga ɗakin ɗauko tsintsiya. Ba ta fito ba. Aka same ta a lungu ta lulluɓe kanta da zane, ta daina ci ta daina magana. Duk namijin da ya matso sai ta yi ƙara mai tayar da tsikar jiki.

Da ciwon nata ya kai kwana uku, yarinya ta fara ƙanjamewa, sai aka ɗauko Malam Labbo daga Bukkuyum, dattijo mai ruƙiyya. Bayan la'asar ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin zanen, muryar tsohuwa, a dishe, cike da fushi.

"Malam, bar ƙona ni. Ni ma musulma ta."

"Ke wace ta, kuma mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Shekarata arba'in tsakanin silin ga da kwano, ban taɓa ko kazar gidan ga ba. Mijina ya rasu, ina cikin takaba, sai ga maza da guduma sunka yaye min rufi, sunka bar ni tsirara. Ina zan ɓuya in ba jikinta ba?"

"To ki hita, ki bar gidan."

"Cikin wane littahi kag ga mai takaba ta bar ɗakin mijinta?"

Malam Labbo ya juyo a hankali ya dubi Almustapha, kallon da ya fi mari ciwo. Shi kuwa gogan, maimakon kunya, sai ya harzuƙa.

"Gidana na, malam. Ba aljanar da za ta shata min doka ciki nai."

Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Ka hidda uwarka ta yi shiru don ita ta haihe ka. Ni ban haihe ka ba. In kana son ɗiyarka, mai da silin."

Aka yi ta ja. Ita ta ce za ta zauna a silin har abada, malam ya ce sai dai iyakar kwanakinta, daga nan ta nemi wani wuri. Daga ƙarshe ta yarda da kwana goma sha bakwai da suka rage mata, da sharaɗi biyu: in an gama mai da silin kada namiji ya ƙara taka ɗakin, kuma a maido tsohuwar. "Ita ta abokiyar zamana," in ji ta. "Tana kuka ƙasa, ina kuka bisa." Lubabatu ta yi atishawa sau uku, ta yaye zanen, ta ce a ba ta ruwa.

Washegari da hantsi aka mayar da silin. Almustapha da kansa ya ɗauko gadon ya kai bakin ƙofa. Sannan ya je ɗakin shinkafa ya durƙusa, ya ce Inna ta yi haƙuri ta koma. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago.

"Zan koma, don Lubabatu da baiwar Allah da ke bisa. Ita ta ji kukana. Kai da nis sha wahalar haihuwa ba ka ji ba."

Kwana goma sha bakwai suka cika, ba a ƙara jin jifa ba. Inna ma ta fita takaba lafiya. Amma ba ta ɗage sharaɗin ba. Har yau daga bakin ƙofa Almustapha yake gaishe ta.