Ƙwanƙwasa Uku a Bangon Bi Zuhura

Bi Zuhura, wato Uwargida Zuhura, ta rasa saman gidanta, ta sami kunnen jin bango. Ga yadda aka yi.

Gidan na dutsen teku ne, ya haura shekara ɗari biyu a tsibirin Lamu. Mijinta Shebwana magini ne. Kullum da magariba yakan ƙwanƙwasa bangon bene sau uku da zobensa, ya kara kunne, ya ji ko cikinsa ya rube. Ita ko sannu da aiki sai ta roƙa.

Shekara shida da rasuwarsa, masu kula da tsoffin gine-gine suka nemi ta ba su saman su gyara su riƙe. Duk tayin da suka yi ta ce albarka. Da ƙyar ta bar injiniyarsu, Kadzo, ta manna wa bangon ƙananan na'urori masu jin rawar gini.

Bayan mako Kadzo ta nuna mata zane a kwamfuta.

"Mama, wa ke hawa sama da magariba? Kullum bugu uku."

"Ba kowa. Makullin na ɗaure a bakin zanena."

Zuciyarta ta yi zafi. Shebwana ne. Shekara shida tana kwana a ƙarƙashinsa bai taɓa motsa mata ba, sai ga baƙuwa mai wando?

Ana kiran salla ta hau. Ta fizge na'urorin ɗaya bayan ɗaya.

Jakunan titi suka yi shiru.

Warin ɗanyen farar ƙasa ya cika ɗakin. Irin na rigarsa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Sai yau ka san da ni?" ta ce a hankali.

Ta kara kunne a bangon. Sanyi ƙalau. Daga ciki, numfashi.

"Zuhura. Sauka."

"Je ka gaya wa 'yar bokonka."

"Ita ke saurare. Sauka."

Ƙasa ta zubo mata a ka. Azara ta yi ƙara. Ta kai mataki na uku ke nan rufin ya rufta a bayanta.

Washegari masu kula da gine-ginen suka dawo da takarda, har sun ƙara tayi. Ta zauna a dakali, ƙafa a ɗaure, ba ta ko dubi takardar ba.

"Ku ɗauki saman. Na'ura ɗaya za ku manna daidai kan gadona, wayarta ta zo kunnena, kada ta bi ta wurin yarinyar nan. Kuɗina ke nan. Na sallama."