Yarjejeniyar da Ta Ɓace a Kotun Rajanwala

Ƙarfe goma na safiyar Alhamis aka kira ofishin 'yan sanda daga kotun Rajanwala. An yi sata a ɗakin ajiye fayiloli.

Insifekta Tanwir Gondal ya ajiye shayinsa bai sha ba. Tun rasuwar matarsa wata biyu da suka wuce komai ɗanɗanonsa ɗaya ne a bakinsa, aiki ma haka. Ya ɗauki hula ya fita.

Magatakardan ɗakin, Munshi Ilyas, wani siririn dattijo mai jan gemu, yana tsaye bakin ƙofa yana goge gumi.

"Me aka ɗauka?"

"Shafi huɗu, Yallaɓai. Asalin yarjejeniyar masana'antar lemu."

Kowa a garin ya san shari'ar. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, Sarfaraz Awan ya ba da fili, abokinsa Nazakat Warraich ya kawo injinan wanke lemu da zuba shi a kwali, suka sa hannu a kan cewa rabi da rabi ne. Kaka biyu kawai suka yi suka ɓata. Sarfaraz ya kai ƙara, kotu ta sa wa masana'antar kwaɗo har sai an yanke hukunci. Kwaɗon yana nan. Sarfaraz ya mutu, ɗansa Kamran ya gaji ƙarar. Litinin mai zuwa aka sa za a saurari jawabin ƙarshe.

"Wa ke shigowa nan?"

"Ba kowa, wallahi. Ni kaɗai, sai lauyan da ya kawo takardar neman duba fayil."

Tanwir ya juya fayil ɗin. Duk fayilolin kotu da farar igiya ake ɗaure su, ƙulli biyu. Wannan kuwa an warware shi, an mayar an ɗinke da koren zare, ɗinki ƙanana a jere, babu wanda ya fi wani.

"Kai ka ɗinke?"

"Ni ko maɓallin rigata ba na iya sawa, Yallaɓai."

Wanda zai fi kowa cin riba idan takardar ta ɓace shi ne wanda ake ƙara, don haka Tanwir ya fara da shi. Ya sami Nazakat Warraich kwance a gadon igiya a tsakar gida, rabin jikinsa ya shanye.

"Ni zan sace ta?" Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Karanta sashe na bakwai. Wanda ya fara janye jiki ya rasa rabonsa, kuma Sarfaraz ne ya fara. Takardar nan ita ce lauyana, ɗan sanda. Da ina da ƙafa da ni zan yi gadinta."

"Su Kamran ma sun ce sashe na bakwai nasu ne."

"To ai shi ya sa muka shekara goma sha biyar a kotu."

A littafin magatakarda, wanda ya duba fayil ɗin na ƙarshe shi ne lauyan Kamran, Rafaqat Cheema, ranar Talata. Tanwir ya same shi a rumfarsa ta harabar kotu yana cin gyaɗa, baƙar kwat ɗinsa a rataye jikin ƙusa.

"Ni na duba da kaina. Komai cif na bar shi."

"Da ƙarfe nawa?"

"Wajen ɗaya."

"Ranar Talata lauyoyi na yajin aiki. Kai ke riƙe da lasifika a bakin titi tun sha ɗaya har la'asar. Ni aka tura in tsare ku."

Lauyan ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa.

"To. Na sa hannu a takardar na ba Kamran ya je ya kwafo min ranakun zama. Kowa na yin haka, Insifekta, kada ka mai da shi wani abu. Yaron nan ya fi wasu lauyoyi sanin fayil ɗin."

Tanwir ya koma wurin magatakarda, ya ja kujera ya zauna, ya kafa masa ido. Munshi Ilyas bai jure minti biyu ba.

"Kamran ne ya zo, shi da mahaifiyarsa. Na tura shi ya sayo kan sarki, ni kuma aka kira Azahar na tafi salla. Na bar ta a zaune kan bencin nan."

"Ka bar ta da fayil."

"Shagufta Bibi ce fa, Yallaɓai. Tun gemuna na baƙi take zuwa nan. Fayil ɗinsu ne, takardarsu ce. Wa zai saci abin da zai ba shi nasara?"

Gidan su Kamran yana bayan tashar jirgin ƙasa, ɗaki biyu. Tun daga waje ake jin ƙarar keken ɗinki. Kamran ne ya buɗe, mutum mai shekara talatin da biyar da furfura a gefen kai. Uwarsa tana zaune kan tabarma, ta duƙa a kan keke, ba ta ɗago ba.

Tanwir ya faɗi abin da ya kawo shi. Kamran ya dubi uwarsa, ya dubi tarin korayen rigunan makaranta da ke gefenta, sannan ya ce, "Ni ne. Ni na cire."

"Da ka cire, yaya ka rufe fayil ɗin?"

"Na ɗaure da igiya, yadda yake."

Keken ya tsaya.

"Kamran, je ka dafa wa baƙo shayi."

"Amma, Inna..."

"Je ka."

Bai tafi ba, ya tsaya jikin bango. Ita kuwa ta cire tabarau ta ajiye.

"Ni ce, ɗana. Igiyar ta ruɓe, ina taɓawa ta tsinke. Ban iya barin abu a warware ba."

"Ina takardar?"

"Na sa ta a murhu na gasa gurasa."

Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin kasuwa. Tanwir ya buɗe littafinsa.

"Saura kwana huɗu a gama, Inna. Me ya sa?"

"A gama?" Ta dube shi. "Na tambayi lauya, idan muka ci fa? Ya ce Nazakat zai ɗaukaka ƙara, shekara takwas ko goma. Na tambayi Kamran, idan aka ci mu fa? Ya ce shi zai ɗaukaka. Ubansa a kan bencin kotu ya mutu, yana jiran a kira suna, aka ɗage zaman don lauyan wancan ɓangaren na mura. Yaron nan yana shekara ta biyu a makarantar injiniya ya baro. An yi masa baiko sau biyu, kowace ta gaji da jiran a yanke hukunci. Injinan da ake faɗa a kansu na leƙa ta taga bara, tsatsa ce da kashin tantabaru. Sau ɗari ina jin lauya yana cewa in babu takardar nan babu ƙara. Na ce to, kada a samu."

Kamran ya sulale ya zauna a ƙasa.

Tanwir ya gama rubutu. Ya san abin da zai faɗa mata, ya nemi wani abu a ransa da zai hana shi faɗa, bai samu ba.

"Akwai kwafin da kotu ta buga wa hatimi, a hannun lauyoyin duka biyu. Alƙali zai ba da umarni a sake haɗa fayil, a kira shaidu su tabbatar da kwafin. Shekara biyu ke nan, in an yi sauri."

Tanwir ya rufe littafin ya ƙara da cewa:

"Kuma yanzu akwai sabuwar ƙara. Taki."

Shagufta Bibi ta gyaɗa kai a hankali. Ta ƙarasa layin ɗinkin da ke ƙarƙashin allura, ta yanke zaren, ta ninke rigar ta ɗora a kan sauran. Ta ce wa ɗanta rigunan na makarantar 'yan mata ne, a kai musu kafin Asabar.

Wata 'yar sanda da Tanwir ya bari tana jira a mota ta shigo ta kama hannunta. Ba a sa mata ankwa ba. A bakin ƙofa ta gyara mayafi, ta juyo wajen Tanwir.

"Wace rana aka ba ni?"

"Ba a sa ba tukuna, Inna."

"To," ta ce, ta shiga motar.