Hoton da Aka Rataye a Zaure

Inno na kwashe tuwo, ana kiran magariba a Gangara, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa tulu. Aka leƙa bayan katanga, ko akuya babu.

A makon ne 'yarta Mu'minatu ta zo hutu daga ƙasar waje. Aikinsu a can, su harba hasken leza, wani siririn haske mai tsananin ƙarfi, cikin iskar gas, gas ɗin ya zama wuta marar hayaƙi, ƙwayoyin lantarki su tashi igiya-igiya suna ingiza 'yan'uwansu da gudun fitar hankali. Kafin ƙiftawar ido abin ya ɓace. Ita ce mai ɗaukar hotonsa. Ta kawo wa mahaifinta, Malam Kassimu, guda ɗaya: layuka jere kamar kunyoyin gero. Shi kuwa, mutum da son a sani, ya kafa ƙusa a zaure ya rataye shi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gani.

Kullum magariba jifa. Sannan Mu'minatu ta daina magana, ta daina cin abinci. Tana zaune ido buɗe, ƙuda ya sauka mata a fuska ba ta korewa. Gidan ya yi tsit. Ko kuka Inno ta kasa.

Aka ɗauko Malam Abdurra'uf daga Alkalawa. Ya zauna ya yi ta karatu a kan Mu'minatu har bakinta ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Da wuta marar hayaƙi anka halicce mu, Malam, ka sani. Matata ce tar ratsa, ba ko lulluɓi, yarinyar ga tad ɗauke ta hoto. Munka yi haƙuri. Sai ga ta rataye cikin zaure, kowane ƙato na kallo."

Malam Kassimu ya waiga wajen zaure.

"A ƙone hoton," in ji malamin.

Muryar tsohon ta ce, "Bai isa ba. Ko in tafi da idanun da sunka gani, ko ta bar leƙenmu har abada."

Yarinya dai ba ta cikin hayyacinta, balle a tambaye ta. Uba ne mai amsa wa ɗiyarsa. Malam Kassimu ya ɗora hannu a kanta ya rantse ba za ta koma ba. Ta yi atishawa, ta sulale kan tabarma.

Washegari da magariba ta tashi ta nemi tuwo. Tana ci tana murmushi.

"Baba, jibi za ni koma. Gwajin da nike jira tun bara ya zo kaina."

Wata 'yar tsakuwa ta faɗo kan kwano, guda ɗaya, a hankali.

Malam Kassimu bai ɗaga kai ba.

"Ci tuwonki," ya ce.