Injin Ɗago Ruwa na 'Yan Aji Huɗu

Da fanka a hannu wani saurayi ya shigo ajin, ransa a ɓace. Autar gidansu ce ta kwance ta ta cire farfelar, wai Malama ta ce kowa ya kawo abin da ke juyawa.

Malamar na durƙushe a tsakiyar yara, hannunta duk gam, suna haɗa injin ɗago ruwa da gorunan roba da tiyo. Tana ɗago kai, faɗan da ya zo da shi ya bi iska.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Tsohuwa na ce su kawo."

"Ai dama ta tsufa," ya ce, alhali sabuwa ce fil.

Injiniya ne, ya gama karatu yana ta yawon neman aiki. Tun daga ranar bai rabu da ajin ba, yana koya wa yara su auna kafin su yanka. Tana ce masa Injiniyana, yana ce mata Sanyin Idona.

Abbanta kuwa ya ƙeƙasa ƙasa. "Ƙato da gemunsa yana wasa da kwali cikin yara? Da me zai riƙe ki?"

Ga ɗan mai makarantar yana ta zarya gidan su Malama. Da ta ƙi ba shi fuska, uwarsa, mai makarantar, ta ce idan injin bai yi aiki ba ranar baje kolin iyaye, darasin ya ƙare, ita ma ta nemi wani wurin.

Ana dab da ranar, rufi ya yi yoyo, ruwa ya lalata duk abin da yaran suka haɗa. Tana cikin kwashe jiƙaƙƙun kwalaye Auta ta ce mata, "Malama, Yaya ya samu aiki a gari mai nisa."

Ta kira har ta gaji, waya a kashe. Sai ta rubuta masa saƙo:

"Injiniyana, a bakin yarinya zan ji? Aikin yara ya rushe, Abba yana jiran amsata a kan wancan, kai kuma shiru. In tafiya za ka yi ka bar ni, faɗa min da bakinka. Wallahi na gaji da ɓuya a bayan aji ina kuka."

Sai da la'asar amsa ta shigo:

"Sanyin Idona, ina wajen ganawa da kamfanin da ya ɗauke ni ne. Sun ce in fara ranar baje kolinku, na roƙe su su ɗaga min. In sun ƙi, su riƙe aikinsu. Kar ki amsa wa kowa. Gobe ki tara min yaran."

Suka sake haɗawa daga farko.

Ranar baje koli, da kyar Ummanta ta lallaɓo Abba ya zo. Yara suka juya hannun injin, suka sake juyawa, ko ɗigo bai hau ba. Ɗan mai makarantar ya kece da dariya.

"Don Allah ka gyara," ta raɗa wa Injiniyan, idonta taf da hawaye. "Komai nawa yana kan wannan."

"In na taɓa, ya tashi daga nasu."

Ya durƙusa cikin ƙura. "Ku nutsu. Ta ina iska ke shiga?"

Yara suka bi tiyon da yatsu. Wata 'yar siririya ta yi ihu, ta cire robar gashinta ta ɗaure mahaɗar tamau. Suka juya. Ruwa ya feso har kan takalmin Abba, fili ya ɗauki tafi.

Abba ya yafito Injiniyan.

"Ana maka dariya, ba ka ƙwace daga hannunsu ba. Me ya sa?"

"Abba, da sun tafi gida suna ganin ba za su iya ba."

Abba ya girgiza ruwan takalminsa. "Ka turo min manyanka."

Kamfanin ya ɗaga masa. Bayan ya kama aiki aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Abba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa ku ga aurensu da idonku."

Gida ya amsa da amin.